Wa Ya Kafa, Wa Ya Tarar?

Malam Edita, ina roƙonka ɗan fili a shafin nan namu na Hausa in yi magana da ƙannena waɗanda ke shirin fita aikin koyarwa bana. Maganar kuwa a kan wata 'yar kalma ce ta Turanci mai haruffa biyar, wadda ta kunyata ni a gaban yara, ta kuma sa na sake duban yadda mu ke koyar da labarin garuruwanmu.

Ni dai ina koyarwa a wata makarantar firamare a ƙasar Nangere, ba nisa da Potiskum. Ran nan ina aji shida muna darasin Turanci, sai na kwafo wata jimla daga littafi na rubuta a allo, "The British founded Maiduguri in 1907." Na ce wa zai fassara mana? Wani yaro ya ɗaga hannu, ya miƙe, ya ce, "Malam, Turawa sun tsinci Maiduguri a 1907." Aji ya kwashe da dariya, ni ma na taya su. Da dariya ta lafa na gyara masa, na ce "found" ita ce samu ko tsinta, "founded" kuwa kafawa ce. Yaron bai zauna ba. Ya ce, "To, Malam, da suka zo kafawar ba su tarar da kowa a wurin ba?" Na buɗe baki na rasa ta cewa, sai na yi abin da malamai kan yi in an ƙure su, na ce lokaci ya ƙare, a fita tara.

Da na koma gida na bi labarin, ashe yaron ya fi ni kusa da gaskiya. Abin da aka kafa a 1907 Yerwa ce, sabon mazaunin Shehun Barno Abubakar Garbai, a zamanin da Turawa suka riga suka karɓi mulkin ƙasar. Maiduguri kuwa tsohon ƙauye ne da ke nan kusa tun kafin zuwansu, daga baya garuruwan biyu suka haɗe, sunan ƙauyen ya rinjaya a takarda, mutanen gari kuwa har gobe Yerwa su ke cewa. Watau dai Maiduguri tarar da ita aka yi. Yaron ya yi kuskuren nahawu ya faɗa kan daidai, ni na yi nahawu daidai na koyar da rabin labari.

Wannan ya sa na zauna da ƙamus dare biyu, ga kuma abin da na samo. Kalmar "found" a Turanci kalmomi uku ne da suka sa riga iri ɗaya, ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba. Ta farko ita ce shuɗaɗɗen lokacin "find", watau ya samu, ya tarar, ya gano. Wannan 'yar gida ce, kakannin Ingilishi suka ƙetaro da ita tun sa'ad da suka baro ƙasashen Jamus, shi ya sa har yau Jamusawa ke cewa "finden". Ta biyu ita ce ta kafawa, wadda a ke ƙara wa "ed" in aikin ya wuce. Ita baƙuwa ce. A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a shekaru masu yawa, kalmomi kuwa suka yi ta kwarara cikin Turanci kamar yadda na Larabci suka kwararo cikin Hausa ta hannun malamai da alƙalai. Cikinsu har da "fonder", wadda Faransawa su ma suka gada daga Latin, harshen Rumawan dā. Asalinta can shi ne "fundus", ma'anarsa gindi, ko ƙasan abu, inda kome ke zaune a kai. Ta uku ba ta dame mu ba ainun. Ita daga "fundere" ta fito, watau zuba, aikin masu narka ƙarfe su zuba a kwami, irin masu zubin tukwanen dalma da mu ke gani a kasuwa.

Ta biyun nan ita na ke so ku riƙe. Wanda ya yi "found" a asalin magana shi ne wanda ya tona ƙasa ya aza gindin abu. Daga tushen nan ne aka sami "foundation", harsashin gini, da "fund", watau asusu, dukiyar da a ke ajiyewa a ƙarƙashin wani aiki don ta riƙe shi. A Ingila ta dā in an ce wani ya yi "found" ɗin makaranta, har da nufin ya tsayar mata da gona ko kuɗin da za ta riƙa ci, kamar dai waƙafi a wurinmu. Ina ma masu buɗe makarantu a yau za su tuna da wannan 'yan'uwantaka ta kalmomin biyu, don na ga makarantu da yawa da aka kafa da almakashi da tafi, aka manta da allo da alli. Abin dariya kuma, jirgin ruwa in ya nutse ya kai ƙasan teku, Bature ya kan ce ya yi "founder", duk daga gindin nan guda.

Akwai kuma abokiyar tafiyarta, "establish", wadda ku ke gani an taƙaice a allunan ƙofar makarantu da shaguna, da shekara a gefenta. Ita ma ta hanyar Faransanci ta shigo, kafin ƙarni na 14 ya ƙare duka biyun sun zauna daram a Turanci. Amma tushenta dabam ne. Daga "stabilis" ta fito, abin da ya tsaya bai girgiza, shi kuma daga "stare", tsayuwa. Zuriyar "stare" tana da yawa, har da "state" da mu ke fassarawa jiha, har da "station", wadda Bahaushe ya lanƙwasa ya mai da ita tasha. Ashe duk mai jiran mota a tashar Potiskum yana furta Latin bai sani ba. Saboda tushen nan ne "establish" ta fi "found" faɗin ma'ana. A kan yi ta ga kamfani, a kan yi ta ga gaskiyar magana a gaban alƙali, watau tabbatarwa, a kan yi ta ga gurbin aikin gwamnati da aka tsayar mai fansho, har dashen itace in ya kama ƙasa a kan ce ya zama "established". Abin lura shi ne, ana iya tsayar da abin da dā ma yana nan. Mutum ya kan tokare katangar da wani ya gina.

Kada in ruɗe ku, Turawan yau ba su cika bambanta su ba in ana maganar makaranta ko ƙungiya, wanda ya zo bakinsu shi su ke faɗi. Asalin kalma ba shi ne alƙalin ma'anarta ta yau ba. Amma sanin asalin ya kan buɗe wa malami ido, ni dai ya buɗe mini.

To, mu komo gida. Mu da mu ke yi wa yaro dariya don ya rikita "found" da "found", me za mu ce wa Baturen da ya zo koyon Hausa ya ga kafa ta kafa rumfa, da kafa ta kafar hanci, ga kuma ƙafa ta tafiya in mai buga takarda ya manta da lanƙwasa? Harsashi ma biyu ne, akwai na gini akwai na bindiga. Kowane harshe da irin tagwayensa.

Kafa a Hausa aikin hannu ne tun asali. A kan kafa turke, a kafa dirka, a kafa tuta, wanzami ya kafa ƙaho. Abu ne a ke cusawa ya tsaya. Daga nan maganar ta yi rassa, aka sami kafa doka, da kafa hujja, da kafa wa mutum ido, da mai taurin kai da ya kafe, da motar da ta kafe a yashi. Daga nan ne kuma kafi ya fito, shingen itatuwa da a ke kewaye sabon gari da shi, wanda ya bar mana sunaye irin su Kafin Hausa da Kafin Madaki. Amma tsofaffinmu in suna ba da labarin farkon gari, ba kafa kaɗai su ke cewa ba. Su kan ce wane ne ya sari garin. Ku dubi kyawun wannan kalma. Tana nuna maka mutum da gatari a tsakiyar daji, babu kowa sai shi da namun dawa. Wanda ya sari gari ba ya da wanda ya riga shi. Wanda ya kafa sarauta a garin kuwa sau da yawa baƙo ne da ya zo daga baya. Labarin Kano bai ɓoye ba cewa Bagauda ya tarar da mutanen Dala, labarin Daura ma bai ɓoye ba cewa Bayajida ya tarar da Daurama da rijiyarta. Saboda haka kada wani ya ɗauka Turawa kaɗai na ke nufi, ko da ya ke su ma sun sha yi, tun daga Mungo Park da aka daɗe ana koya wa yara wai shi ya gano Kwara a 1796, alhali a kwale-kwalen mutanen bakin kogin a ke ƙetare ta, har zuwa Kaduna da aka mayar hedkwatar Arewa a 1917 a ƙasar da Gwari ke noma.

Ga sara, ga kafa, ga tarar, ga assasa da muka aro daga Larabci, ga ƙirƙiro da 'yan jarida ke yi wa jihohi, ga mayar da fada daga wani gari zuwa wani. Duk muna da su. Amma da zarar mun shiga aji sai mu tattara su mu zuba a buhu ɗaya, mu ce "founded" kafa, "established" kafa, mu ɗora shekara, mu ce a haddace. Wannan shi ne abin da na ke ƙi, ga kuma dalilina daga nan inda na ke zaune.

A ajina akwai 'ya'yan Karai-Karai, da na Ngizim, da na Bolewa, da Fulani, da Hausawa, da Barebari, sun haɗa benci sun haɗa tawada. In na tambaye su wa ya kafa Potiskum, kowa da amsar da ya taho da ita daga gida, kuma duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san tambayar ba ta wasa ba ce, manya ma su kan ɗaga murya a kanta. Abin da ke rubuce wanda ba a gardama a kansa shi ne, a 1924, zamanin Turawa, aka taso da fadar Moi Fika daga garin Fika aka kawo ta Potiskum, garin da ke bakin babbar hanya, ya zama mazaunin En'e. Daga nan gari ya bunƙasa har ya kai inda ya ke yau, da kasuwar shanunsa da ta yi suna ko'ina. Amma 1924 shekarar mayar da fada ce. Akwai mutane a wurin kafin wannan, Ngizim na kiransa Pataskum, su da Karai-Karai kuwa kowa na da labarin kakanninsa a wannan ƙasa. Malamin da ya rubuta a allo cewa an kafa Potiskum a 1924 ya share wasu yaran ajinsa da hannun riga. Wanda kuma ya ce zuwan fadar bai ƙara wa garin kome ba, shi ma ya zalunci wasu. In ya raba kalmomin, ya ce ga waɗanda aka tarar, ga abin da aka kawo, ga shekarar da aka kawo shi, kowane yaro zai koma gida da mutuncin kakansa, ba a kuwa yi ƙarya ko ɗaya ba.

Ku ɗauki masarautarmu ta Tikau, wadda fadarta ke Sabon Garin Nangere. Sunan garin ma da kansa shaida ne cewa akwai tsoho. A wace shekara za a ce an kafa ta? Turawa sun sa ƙasar a ƙarƙashin En'e ta Fika. A 1993 Gwamna Bukar Abba Ibrahim ya ƙara masarautun Yobe daga 4 zuwa 13, mulkin soja ya zo ya soke, da ya dawo mulki ya maido da su a watan Janairu na 2000, Tikau da Pataskum na ciki. To, mai neman shekara ɗaya wace zai ɗauka? In ya ce 2000, tsoho zai tambaye shi, Mai Tikau na zamanin kakanninmu fa, daga sama ya faɗo? Abin da gwamnati ta yi a shekarun nan shi ne tsayarwa da ba da sanda, aikin "establish" ke nan a tsohuwar ma'anarta. Haka Jihar Yobe kanta. Ran 27 ga Agusta 1991 Janar Babangida ya yanke ta daga Barno aka sa hedkwata a Damaturu. An ja layi a taswira, an buɗe ofisoshi, amma ko rijiya ɗaya ba a haƙa ran nan ba, mutanen da suka kwana 'yan Barno su suka tashi 'yan Yobe.

Na kai wannan magana ɗakin malamai, wani abokin aikina da ya girme ni a sana'a bai yarda ba, hujjarsa kuma ba ta banza ba ce. Ya ce, "Malam, mai jarrabawa shekara ɗaya ya ke so, da suna ɗaya. Ka cika wa yaro kai da wa ya sara wa ya tarar, ran jarrabawa ya tsaya yana tunani lokaci ya ƙare, ka cuce shi. Ban da haka, wannan magana ta asalin gari wuta ce a ƙarƙashin toka, me ya kai ka tonawa?" Na amsa masa cewa ta farkon na karɓi rabinta. Lalle a ba yaro shekarar da ke littafi, a gaya masa ita za ya rubuta. Amma gaya masa abin da ya faru a shekarar bai fi ƙarin jimla ɗaya ba, yaron da ya san dalilin shekara kuwa ya fi riƙe ta bisa wanda ya haddace ta kamar lambar mota. Kwalejin Katsina ma, uwar makarantun horon malamai na Arewa, wadda ta zama Barewa, wasu na rubuta 1921 wasu 1922, don kafawa dabam, bikin buɗewa dabam, ba wanda ya faɗi jarrabawa saboda ya san haka. Ta biyun kuwa ban karɓa ba ko kaɗan. In malami ya yi shiru yaro ba ya zama ba labari, zai ji shi a dandali daga bakin wanda ba ya auna kalma, ya ji shi da zafi. Gara ya fara jinsa a aji, inda ɗan wancan gidan ke zaune kusa da shi, malami kuma na tsaye.

Abin da ya ƙarasa tabbatar mini da ra'ayina a ƙofar makarantarmu ya ke. Allonmu na cewa an yi "established" a 1976, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, makarantu suka yi ta tsirowa a ƙauyuka. Shekara da shekaru ina wucewa ta gabansa ban taɓa tambaya ba. Bayan abin da yaron nan ya yi mini, sai na je gaida wani dattijo da ke zama a gindin darbejiya daura da makaranta, na durƙusa na ce, "Baba, wai kuna nan aka kafa makarantar nan?" Ya dube ni ya yi murmushi. Ya ce, "Malam, wace daga ciki? Ta bulo ko ta zana?" Ya ce kafin a kawo bulo da kwano, mutanen gari sun gaji da tura 'ya'yansu tafiya mai nisa, suka yi gayya, wani ya ba da gefen gonarsa, aka saro dirkoki aka kafa rumfa, aka kewaye da zana, mata suka yi ta jan ruwa ana yayyafa wa ƙasa don ƙura. Damina biyu iska na kwashe rumfar suna mayarwa. Ya ce shi da kansa ya ɗauko dirka a kafaɗa. Ya nuna mini da sandarsa inda rumfar ta tsaya, wajen da yanzu yara ke buga ƙwallo. Sa'an nan ya ƙara da cewa tun kafin rumfar ma akwai makarantar allo a zauren liman, amma ya san wannan ba ma lissafa ta. Na sunkuyar da kai, don gaskiya ya faɗa.

Mai gonar nan ya rasu, sunansa ba ya cikin kowace takarda ta ofis. A Turancin asali shi da masu ɗaukar dirka su ne suka yi "found", su suka aza gindi, gwamnati ta zo ta yi "establish", ta kuwa kyauta, don ba don ita ba da iska ta gama da rumfar. Allon bai yi ƙarya ba, amma yara 300 da wani abu na wucewa ta gabansa kullum suna zaton makaranta abu ce da a ke kawowa daga Damaturu a bayan mota, ba su san kakanninsu sun taɓa yin ta da hannunsu ba. Ina ganin wannan na cikin abin da ya sa in taga ta ɓalle sai kowa ya naɗe hannu yana jiran gwamnati.

Saboda haka, ƙannena, in an tura ku garin da za ku koyar, kafin ku rubuta wa yara shekarar kafa wani abu, ku sami tsoho ku gaishe shi ku tambaya, matambayi ba ya ɓata. In kun zo darasin "find" da "found", kada ku tsaya ga jadawalin nahawu, ku ba yara jimla biyun su gwada su a kan garinsu da makarantarsu da kasuwarsu, su gaya muku wanne aka kafa wanne aka tarar. Ni na gwada da 'yan aji shida, na ce kowa ya tambayo kakansa ko kakarsa wa ya sari unguwarsu, ya rubuto shafi ɗaya da Hausa. Takardu 41 suka dawo mini, wasu labaran sun saɓa wa juna, na karanta su duka a gaban aji ban yanke wa kowa hukunci ba, ba kuwa wanda ya yi faɗa.

Na kuma kai wa Hedimasta roƙo cewa in za a sake fentin allon ƙofa bayan damina, a bar 1976 inda ta ke, a ƙara layi ɗaya a ƙasa da Hausa, a ce mutanen gari ne suka fara ta da rumfar zana. Ya ce zai shawarci shugaban iyayen yara, ya kuma tambaye ni wa zai biya kuɗin fentin ƙarin layin. Na ce ni.